Malama Ta Ce An Iso Gida

AUTA: Assalamu alaikum, Yaya.

YAYA: Wa alaikumus salam. Wa nake ji haka kamar Autan Baba?

AUTA: Kamar? Kin goge lambata ne?

YAYA: Lambar da ba ta kira ai da kanta take gogewa. Ina wuni?

AUTA: Lafiya lau. Ya gida, ya yara?

YAYA: Lafiya ƙalau. Ya mai ɗakin taka?

AUTA: Tana gaishe ki.

YAYA: Ina amsawa. Ya aiki?

AUTA: Aiki da godiya. Ya maigidan?

YAYA: Yana wurin aiki. Halo? Ina kake ne haka, hayaniya kamar ana rabon gado?

AUTA: Shagon kayan lantarki nake. Kina jina? Na'urar nuna hanya nake son saya wa motata. Wayata zafi take yi in na manna ta a gilashi, kuma da na fita gari sabis ya ɗauke, shi ke nan sai ta bar ni da Allah.

YAYA: Uhm.

AUTA: Guda uku ne a gabana. Akwai wata 'yar ƙarama kamar sabulu, akwai mai gaya maka inda cunkoso yake, ga kuma wata mai faɗin fuska irin wadda na aiko wa Baba. Mai shagon ya cika ni da surutu, tun ɗazu yake koya min yadda ake sa mata adireshin gida, wai shi ne karatun farko. Na ce bari in tambayi tsohon direba. Ya Baba yake jin daɗin tasa?

YAYA: Baba kuma...

AUTA: Halo? Yaya?

YAYA: Ina jinka.

AUTA: Na ce ya Baba da Malamarsa? Ba haka kika ce yana kiranta ba? Malama?

YAYA: Baba yana nan.

AUTA: Wane irin yana nan? Ba shi wayar mana.

YAYA: Yana waje. Yana wanke mota.

AUTA: Da rana tsaka? Baba da asuba yake wanke mota tun kafin a haife ni.

YAYA: Mai saye ne zai zo.

AUTA: Mai me?

YAYA: Mai saye! Makanikinsa zai zo ya ɗauke ta bayan la'asar.

AUTA: Wace motar? Motar Baba? Yaya, layin nan ba kyau, sake faɗa.

YAYA: Layi lafiyarsa ƙalau. Abin da ka ji shi na faɗa.

AUTA: Inna lillahi! Motar da ko jikokinsa ba ya bari su jingina da ita? Me ya faru? Hatsari ya yi?

YAYA: Da hatsari ne ma da sauƙi, a gyara ƙarfe. Auta, Baba ɓata ya yi.

AUTA: Ɓata kamar yaya?

YAYA: Ɓata dai da ka sani. Ranar Litinin.

AUTA: Litinin? Yau Asabar fa! Kwana biyar ba wanda ya gaya min?

YAYA: Shi ya hana. Ya ce duk wanda ya gaya maka bai yafe ba. Yanzu ma bakina ne ya suɓuce.

AUTA: Dakata. Mutumin da ya yi shekara talatin da takwas yana jan babbar bas, gari zuwa gari, ba taswira ba komai? Shi ne zai ɓata a cikin gari?

YAYA: Ai ka san tun da Mama ta rasu ya dawo wurina bai saba da unguwar nan ba. Gidajen duk iri ɗaya, fenti ɗaya. Ba shi ya sa ka aiko masa da abin ba?

AUTA: Shi ya sa mana. To?

YAYA: To wata ukun nan iyakarsa masallaci da kasuwar bayanmu, bai taɓa buƙatarta ba, sai dai ya kunna ta don ta yi masa magana. Ranar Litinin zai karɓo tabarau a asibitin ido, can ƙarshen gari. Maigidan ya wuce gaba a tasa motar, Baba yana binsa, har ƙofar asibiti. Dawowa kuma ya ce kada kowa ya damu, yana da Malama.

AUTA: Sai me?

YAYA: Sai azahar ta yi shiru. Na kira wayarsa, na ji tana kuka a ɗakinsa, ya bar ta a caji. La'asar shiru. Ina tsaye a bakin titi da ludayi a hannu ban ma sani ba. Can sai ga baƙuwar lamba, wata mata. Ta ce, "Baiwar Allah, akwai wani dattijo a ƙofar gidana cikin farar mota, ya fi awa biyu a zaune. Ya ba ni lambarki a takarda."

AUTA: Subhanallahi! A ina?

YAYA: Wata unguwa bayan gadar jirgin ƙasa, tafiyar kusan awa guda daga nan. Ba mu da kowa a can. Gida mai shuɗin ƙofa da bishiyar lemo.

AUTA: Me ya kai shi?

YAYA: Abin da matar ta tambaye shi ke nan. Ka san me ya ce mata? Ya ce, "'Yata, an ce min nan ne gidanmu, ni kuma na duba na duba ban gane shi ba."

AUTA: Wayyo Allah.

YAYA: Da muka isa ni da maigidan, Auta, ban taɓa ganin Baba haka ba. Hannunsa biyu a kan sitiyari, sabon tabarau a fuska, yana kallon ƙofar mutane. Ya ce sau uku yana barin wurin, ya zagaya, ya sake gwadawa, sau uku yana dawowa ƙofar nan.

AUTA: Kai! Kai! Kai!

YAYA: Muna shiga gida ya ajiye makullin a kan teburin cin abinci. Ya ce, "Haka ta Yayana ta fara."

AUTA: Baffa?

YAYA: Baffa mana. Ka manta yadda aka riƙa tsinto shi a tasha bai san sunansa ba? Baba ya ce shi ba zai jira sai ya take ɗan wani ba. Wallahi ba mu ƙwace ba, shi ya ajiye da hannunsa.

AUTA: Kun kai shi wurin likita?

YAYA: Sai ranar Laraba aka ba mu. Amma abinci ya gagare shi. Jiya na same shi yana rubuta sunayen yarana a bayan kalanda, wai kafin su gudu masa.

AUTA: Ya Salam... Malam, don Allah dakata, ba yanzu ba! Ka ga ina waya.

YAYA: Da wa kake?

AUTA: Mai shagon nan ne, wai in zaɓa zai sa min adi... Yaya.

YAYA: Na'am?

AUTA: Yaya, tsaya. Kika ce sau uku yana dawowa ƙofa ɗaya?

YAYA: Sau uku.

AUTA: Wanda ya rikice ai yawo yake yi, ba ya dawowa wuri ɗaya daidai. Ranar da na'urar ta iso, wa ya sa mata adireshin gidanku?

YAYA: Wane adireshi? Ba kai ka sa ba?

AUTA: Ni? Ni da na ba mai kai saƙo a kwali?

YAYA: To ai kai ka kira ka ce an gama komai, a manna a gilashi kawai! Ina tsaye kana gaya wa Baba a waya, "Hoton gida za ka danna, shi kaɗai, kada ka taɓa komai."

AUTA: Na ɗauka maigidanki zai...

YAYA: Maigidan ya ce Auta ya san kan abinsa, kada a lalata masa. Kuma da muka kunna, ga hoton gida nan, an danna ta kama magana. Sabon abu in ba a sa masa ba ai ba zai yi magana ba.

AUTA: Ba sabuwa ba ce.

YAYA: Me ka ce? Ka yanke.

AUTA: Na ce ba sabuwa ba ce! Ta hannu ce.

YAYA: Auta!

AUTA: Ki saurare ni, wallahi ba rowa ba ce. Sababbin duk rubutunsu ƙanana, ga tarkace iri-iri a fuska. Na tuna yatsun Baba, in ya danna ɗaya sai uku su dannu. Sai na ga wannan a gefen kayan hannu, fuska faɗi, murya kamar lasifika. Na fi awa ina gwada su. Don shi na zaɓe ta.

YAYA: Ka fi awa kana gwadawa, ba ka duba gidan wa ke ciki ba?

AUTA: Bari. Malam! Zo. Waɗannan na hannun, kuna goge abin da ke ciki kafin ku sayar? ... Sai in me? ... Inna lillahi.

YAYA: Me ya ce?

AUTA: Wai sai in mai saye ya nema. Yaya, ina take yanzu?

YAYA: Tana cikin durowar kicin, ni na ciro ta na jefa. Ko kallonta ba na son yi.

AUTA: Ɗauko ta. Yi sauri, katina ya kusa ƙarewa.

YAYA: Ina zuwa. Kai, matsa min daga hanya! Ba da kai nake ba. Ga ta. Ina ake kunnawa?

AUTA: A sama, ki danne ki riƙe.

YAYA: Ba ta... yauwa, ta kawo. Tana ta juyi.

AUTA: Danna hoton gidan. Me ta rubuta a ƙasa?

YAYA: Tsaya in kawo ta kusa. Gida mai lamba goma sha bakwai.

AUTA: Ku kuna nawa?

YAYA: Arba'in da biyu. Kuma wannan ba sunan layinmu ba ne. Auta, wai tafiyar minti hamsin! Ina tsaye a tsakiyar kicin ɗina tana ce min gida saura minti hamsin!

AUTA: Shi ke nan. Gidan tsohon mai ita ne.

YAYA: Lambar ƙofar matar nan... sha bakwai ce. Na gani da idona, a jikin shuɗin ƙofar. Wayyo ni! Wayyo Baba!

AUTA: Bai ce muku komai a kan na'urar ba?

YAYA: Ya ce! A mota ya ce tun daga gadar ya ji a jikinsa ba hanya ba ce. Amma wai kai ka sa ya yi alkawari.

AUTA: Ni?

YAYA: Kai mana! "Baba, na san halinka da gardamar hanya. Ka yi min alkawari ba za ka yi mata musu ba, ta fi mu sani." Ƙarya na yi?

AUTA: Na faɗa. Wallahi na faɗa.

YAYA: Ni kuma da ya faɗa min sai na ce, "Baba, na'ura ai ba ta mantuwa." Ni da bakina! Kwana biyar muna lallaɓa shi kamar ƙwai, muna magana ƙasa-ƙasa in ya shigo.

AUTA: Ki kai masa wayar. Gudu, Yaya!

YAYA: Ina takalmina... bar shi. Baba! Baba! La, ga makanikin ma har ya iso, ya buɗe gaban motar. Malam, rufe! Rufe, ba a sayarwa! Baba, ajiye tsumman nan, karɓi, Auta ne.

BABA: Wa ya ce ki gaya masa?

YAYA: Karɓi dai, don girman Allah. Kuma dubi wannan.

BABA: Halo.

AUTA: Baba, ina wuni. Baba, lafiyarka ƙalau! Ba kai ba ne, ni ne. Na'urar ta wani ce a da, gidansa ne a ciki, ba a sa mata naku ba. Inda ta kai ka, can aka koya mata. Ko ni na danna can za ta kai ni.

BABA: Gidan wani...

AUTA: Baba? Kana jina?

BABA: Wato da na ce ba gidanmu ba ne...

AUTA: Ba gidanku ba ne, Baba.

BABA: Da na ce a gada hagu ya kamata in yi...

AUTA: Kai ne da gaskiya.

BABA: Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Ke, daina kukan nan a titi. Kai kuma sakar min bonet, ba ni makullina. A'a, miƙo nan. Ka gaida gida.

AUTA: Baba, ka yafe min. Yanzu haka ina shagon, ga sababbi a gabana, fil a kwali. Akwai mai faɗin fuska, akwai mai gaya maka cunkoso. Wacce kake so? Ka zaɓa da kanka.

BABA: Suna kai mutum duk inda aka sa musu?

AUTA: Ko'ina, Baba, ba kuskure.

BABA: To ka sayi mai ƙarfin muryar, ka manna a taka motar. Ka sa mata lamba arba'in da biyu. Wata huɗu ke nan da na dawo gidan nan, kwali ya gane hanya, kai ba ka gane ba.

AUTA: Baba, ai aiki ne ya... Halo? Baba? Halo?