Ƙanwata ta san ana marin 'yata

Assalamu alaikum Hajiya mai gabatarwa. A gafarce ni da damun ki. Daga Balan nake rubutowa.

'Yata ta fari, wadda ko sunanta ba na kamawa, ta fara zance. Saboda alkunya na damƙa tarbiyyar wannan ɓangaren ga ƙanwata.

Ran nan na kai yarinyar asibiti a Gaya da ciwon kunne. Wata ma'aikaciya ta keɓe da ita, ta tambaye ta a hankali. Ashe saurayin ne ke marinta in ta hana shi duba wayarta. Kuma ta sha gaya wa ƙanwata.

Da na tuntuɓe ta, cewa ta yi, "Yaya, ai kishi ne, so ya kawo shi."

Yaron bai daina zuwa ba. Ta ina zan fara yi wa 'yata magana da bakina? Don Allah ki amsa mini da wuri.