Faifan Labbo

A rumfar Sadisu mai gyaran kwamfuta, cikin kasuwar Konni, wata tsohuwa ta kwance ƙullin zane, ta dire wani ƙarfe mai faɗi bisa tebur.

"Kai ma macuci ne irin mai gyaran nan na Malbaza?"

"Sannu da hanya, Inna. Mi ya yi miki?"

"Kwamfutar ɗana Labbo na kai mishi. Ya ce ta ƙone, ya farke cikinta, ya miƙo mini wanga. Faifan bikin Labbo na ciki, bakin ya ƙi buɗewa. Har wuƙa na sa."

"Na ga sawunta. Wanga gidan faifai ne, a cikin kwamfuta yake zama. Amma akwai adafta, abin haɗa shi da wuta. In na ba shi wuta, na ja waya zuwa kwamfutata, zai yi aiki daga waje."

"In ka lalata, ku biyu zan kai jandarma."

"Na yarda. Labbon na ina?"

"Mota ta kife da su a hanyar Dogarawa bara, ya rasu. Ko hotonshi ba ni da."

Sadisu ya haɗa wayoyin, ƙarfen ya yi gurnani, sai ga ango a gilashin kwamfutar yana dariya. Tsohuwar ta matso har hancinta ya kusa taɓawa.

"Dubi hular a karkace. Sau uku na ce ya gyara ta ranar."

"In tsayar, Inna?"

"Taɓa ka gani. Jawo mini kujera."