Ragar da Ake Gasawa

Bayan la'asar a unguwar Hayyin Ashir, Malam Habu, wanda ya zo daga Gusau duba ɗansa mai karatun addini, ya ja burki a bakin wani shagon shayi. Ma'aikacin shagon, Munzir, Bahaushen Sudan, ya kama wata 'yar ragar ƙarfe da awartaki yana gasa ta a garwashi.

"Samari, me kake gasawa haka?"

"Ragar kan shisha ce, Baba. Dattin taba ke toshe ta, kuma sabulu ba ya fitar da shi, sai wuta. In ta yi jawur a kakkaɓe, khalas, shi ke nan."

"Ta kaskon turare ma haka ake yi mata?"

"Wa zai ɓata garwashinsa? Ita da tsumma ake goge ta."

Malam Habu ya ce, "Jiya na tarar da ɗana yana gasa irinta. Ya ce ta turare ce."

Munzir ya ajiye awartakin. "Ma'alish, yi haƙuri, Baba. Wasu kan gasa ta turaren ma."

"Yanzu ka ce ba a yi."

"Ɗalibai dabararsu daban ce."

"Ɗakin duk ƙamshin tuffa yake."

"Ai akwai turaren tuffa a kasuwar Ataba."

"Ka taɓa ganinsa da idonka?"

Munzir ya sunkuyar da kai.

"Shekara uku ina gaya wa mutane ba komai a ƙirjin yaron nan sai Alƙur'ani," in ji Malam Habu. "Ara mini wannan. Zan ajiye ta kusa da tasa, in ga wanda zai fara magana, ni ko shi."