Hannayen da Ban Gani Ba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni 'yar kwaleji ce daga wani ƙauye kusa da Dogo-Dogo. Don Allah a sakaya sunana.

Bara wakilan wata coci suka zo garinmu. Sun ce babban taronsu na yanki ya ware mana taimako ɗaya, ba ruwansu da addinin kowa: ko rijiya, ko shingen allurar shanu. Ƙa'idarsu a ɗaga hannu, a ƙirga, a rubuta.

Da yake ni ce mai boko, Fasto ya ce in ƙirga. To Malam, ta yaya zan ɗaga ido in kalli Maigari da baffannina? Kaina na sunkuye har aka sauke hannaye. Takalma kawai na gani.

Fasto ya ce, "'Yata, me ya yi rinjaye?"

Kaka ta mintsine ni, ta raɗa, "Wa ke ɗibar ruwa, ke ko babanki?"

Na ce rijiya.

An haƙa, kowa na sha. Amma Baba kullum yana lissafa abokansa masu son shinge da yatsu, yana cewa, "Anya?"

Masu sauraro, in faɗa masa gaskiya? Ina gaida Kaka, wadda ta ce in asiri ya tonu ba ta san ni ba.