Tiyo Na Roƙa, Aka Ba Ni Masauki

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da haƙuri da mu. Malam Sani ne, ɗan kasuwa daga Jakara.

Ƙasar lungunmu yumɓu ce, ba ta shan ruwa. Damina na sauka ta kumbura, ta tsaga bulon sokawena, ƙazanta ta malalo tsakar gida. Maƙwabcina Alhaji Bukar ma nasa ya tsage, amma shi a bakin lungu yake. Motar kwasa ta tsaya ƙofarsa, tifa ta juye masa yashi da tsakuwa, nan da nan ya gyara. Ni kuwa tiyon motar ya ƙi kaiwa ƙofata.

Ga auren ɗana Juma'a mai zuwa. Na je na roƙi Alhaji Bukar a bi da tiyon ta gidansa a haura katanga. Sai ya yi murmushi ya ce, "Haba Malam Sani, bar wahalar nan. Kawo baƙinka gidana, ai ɗanka ɗana ne." Uwargidana har ta fara sa masa albarka, tana yabon tayil ɗin banɗakinsa.

Ba hassada nake ba, Allah ya ƙara masa. Amma ni zan yanka bijimi, dangin amarya su koma Shahuci suna labarin gidan Bukar?

Masu sauraro, yaya ake kwashe sokawe a gyara shi a lungun da mota ba ta shiga, kafin Juma'a? Ina gaida Alhaji Bukar, na san rediyonsa a kunne take. Alhaji, tiyo na roƙa, ba masauki ba.