Silinda Ɗaya

A rumfar masu sayar da tsohon ƙarfe, wata budurwa tana tonon guntayen tagulla, takardar zane a hannunta. Wani dattijo mai yatsu uku a hannun dama ya leƙa takardar.

"'Yata, ɗan injin fetur mai silinda huɗu? Wa zai ƙera?"

"Ni. Babana ya bar min injin fiƙe ƙarfe a gida."

"Allah ya jiƙansa."

"Bai mutu ba. Ɓarin jikinsa ne ya shanye. Yana kwance yana jin aikina ta bango."

"Me kika taɓa fiƙewa?"

"Noti biyu. Ɗaya ya karkace."

"To fara da na tururi, mai silinda ɗaya. Babu fulogi, babu wahala. Da rarrafe yaro kan tashi."

"Baba, ai wannan kayan wasa ne. Baffannina sun ce ba aikin mace ba ne, a sayar da injin fiƙen. Sai na nuna musu babba."

"Ni ma babba na nuna musu." Ya ɗaga mata hannun. "Mai huɗun shekara biyu zai ci miki, in kin yi sa'a. Ƙaramin kuwa sati uku, yana fat-fat a kan tebur."

"Ina da haƙurin shekara biyu."

"Ke kina da shi. Na kwancen fa?"

Ta ninke takardar, ta ajiye ƙaton guntun tagullar da ta zaɓa, ta ɗauki ɗan mitsitsi.

"Ana jin ƙararsa ta bango?"

"In kin bar masa ƙofa a buɗe."