Ranar da Na Zuba Jabel a Tabkin Madam

Tunkiyar Inna anka sayar ranar kasuwar Hilinge, ita ta zama kuɗin motata zuwa Abijan. Inna ta ƙulle su a bakin zane, ta ce, "Arzika, ban ce ka zo da mota ba, amma kar ka dawo mini hannu biyu." Ku matso kusa, ku da kuke ta cika mini kunne da zancen tahiya ci-rani.

Wata biyu ina garari kahin Hamani, wani Bazabarme mai gadi, ya sama mini aiki gidan da yake tsaro. Ya ce aikin pisin ne. Ni ko bakina ya ƙi, hisin nike cewa, har kuku ya laƙaba mini Malam Hisin. Da anka buɗe mini ƙyauren baya na ga abin, sai da na dafa bango. Tabki ne na siminti, ruwa shuɗi garau, ana hangen ƙasansa. Na ce ma Hamani, "Shanu nawa ka sha nan?" Ya yi dariya har da hawaye. Wai wanka kawai a ke yi ciki.

Madam, matar gidan, da kanta ta koya mini aikin. Tana da ɗiya guda, Mimi, wadda in jabel, ruwan nan mai wari na kashe ƙwayoyin cuta, ya taɓa jikinta sai ta yi ruɗu-ruɗu kamar ta faɗa gidan rina. Don haka tabkin nan ba ya cin jabel. Akwai wani magani shuɗi da a ke aunawa da murhin bido, wato jarkarsa, kowane mako, shi ke kashe ƙwayoyin cuta. Akwai wani fari mai cin hannu, na wata-wata. Sai 'yar takarda da za ka tsoma, ta sake launi, ka gwada ta da zanen jikin kwalba. Kai, na so aikin nan! Ni da na tashi ina jan wasaki daga rijiya mai gaba ashirin, ga ni da dogon sanda ina kwashe ma ruwa ganye.

Abu guda ya tsaya mini a rai, ruwan ba ya wari. Kun dai tuna, ko iyayenku sun tuna, shekarar da amai da zawo ya shigo nan Kurhwai, likitoci sunka zuba jabel cikin rijiyoyi. Tun sannan kowa nan ya san ruwa mai magani wari gare shi. To ranar wata Laraba anka yi ruwan sama, tabki ya ɗan yi hazo, ga shi Asabar za a yi bukin Mimi, yara za su cika gidan. Na ce bari in taimaki maganin Madam, kahin Asabar wari ya tahi. Na ɗauko jabel na wankin ɗaka, na tuttula.

Ashe magungunan nan biyu ba su shan inuwa ɗaya. Kahin in aje bidon, ruwa ya juya kamar kunun tsamiya.

Madam ta hito, ta tsaya, ta riƙe ƙugu. "Mi ka zuba?"

"Jabel, Madam. Kaɗan."

"Na hana ka ko ban hana ka ba?"

"Kin hana."

"Gobe a buɗe shi ya tahi kwata, kai ma ka bi shi."

Korar ta yi mini zahi, don tunkiyar Inna na gani gabana. Amma zubar da ruwan ya hi tada mini hankali, ruwan da zai shayar da garinmu wata guda. Na ce, "Madam, ki ba ni lokaci zuwa Juma'a. In bai washe ba, ni da kaina zan buɗe shi." Ta ce ita ba ta da lokacin mahaukata, ta shige, amma ba ta ce a'a ba.

Kun san yadda uwayenmu ke yi da ruwan tabki in damina ta faɗi, su daka 'ya'yan zogala, su ɗaure a tsumma, su kaɗa cikin tulu, laka ta kwanta. Na ruga kasuwa wajen wata Bahausa mai sayar da magani, na kwashe duk zogalar da ke gare ta. Ni da Hamani munka yini daka, kuku na leƙe yana cewa miya za mu yi ma tabki. Na tace, na kewaya ina watsawa, na kashe injin da ke juya ruwan don ya natsu. Ranar Alhamis ko abinci ban iya ci ba, ina zaune bakin tabki kamar mai jinya.

Juma'a da hantsi, sai ga ƙasan tabki ya hito! Dattin duk ya kwanta kamar tabarma. Na zuƙe shi a hankali da tiyo, na ƙara ruwa, na bari rana ta cinye sauran jabel, na auna maganin shuɗi, na tsoma takarda, launi ya zo daidai. Madam ta tsoma tata takardar har sau biyu, ta sunsuna ruwan, ta dube ni. "Wa ya koya maka wanga?" Na ce uwata. Asabar Mimi ta yini cikin ruwa, ko ƙurji guda bai hito mata ba.

Shekara huɗu na yi gidan, ban ƙara kusantar jabel ba. Da na dawo na saya ma Inna tumaki biyu, na zauna na ba ta labarin nan kaf, ina jiran ta yaba mini. Ta saurara har ƙarshe tana gyaɗa kai, sannan ta ce, "To madalla. Ruwan da zogalata ta wanke, wa ya sha?"

Na ce, "Ba kowa, Inna."

Ta miƙo mini wasaki, ta ce tumakin nan biyu tun sahe ba su sha ba.